Wa Ke Zargin Wutar Lantarki?

Kafin in fara, bari in sallami masu cika min akwatin saƙo da nasiha. Ke mai cewa in gode wa Allah na samu mai sona, da kai mai cewa macen da ke aikin jarida bakinta ya fi reza, na ga saƙonninku, na karanta, ko a jikina. Yau ba hira na zo yi ba. Abin da ya same ni a makon nan zan faɗa, wanda ya gama karantawa ya ga har yanzu yana da bakin zagina, ga fili ga mai doki.

Ga wanda bai san ni ba, shekarata ashirin da bakwai, ina rubuta labarai a wata jaridar intanet. Ina zaune da Goggo, yayar mahaifina, wadda ta riƙe mu ni da Yayana tun bayan rasuwar iyayenmu. Akwai kuma mai nemana da aure, wani mai babban shagon katifa a ƙasan wani bene da ke bakin titi. A wayata Mai Katifa na rubuta masa, a bakin Goggo kuwa sunansa ɗan albarka. Yaya a wurinsa yake aiki, shi ke kula da sito. Kar in yi wa Goggo sharri, ba ta taɓa cewa dole ba. Sai dai duk safiya tana zuba min shayi tana lissafo min 'yan uwan da suka girme ni da wata biyu suna da 'ya'ya uku, sannan ta shafa sabuwar katifar da ya aiko mata ta ce bayanta ya daina ciwo.

Yanzu bari in nuna muku yadda muke rubuta gobara, don ba za ku gane laifina ba sai kun san wannan.

A ofishinmu akwai wani fayil a kwamfutar kowa, ya girme ni a aikin. Sakin layi huɗu ne da guraben cikewa. Gobara ta tashi a wuri kaza da misalin ƙarfe kaza. Ta lashe, ko ta laƙume, ko ta ƙone ƙurmus, ka zaɓi wanda ba a yi amfani da shi jiya ba. Ana zargin matsalar wutar lantarki ce ta haddasa ta. Sai na ƙarshe, an yi asarar rai ko ba a yi ba. Shi ke nan, ka nemo hoton hayaƙi ka ɗora a sama. Editanmu, wani siriri mai gilashi a goshi wanda bai taɓa zuwa wurin gobara ba a rayuwarsa, yakan ce mai karatu hayaƙi yake son gani, bincike na 'yan sanda ne.

A jarida wuta ba ta da uba. Ita kaɗai take tashi, ta ci abin da za ta ci, sai jami'ai su zo su shawo kanta. Ranar da babu gobarar gaske kuma aro muke yi: wutar rikici ta ruru a majalisa, ana hura wa shugaban hukuma wuta, ƙungiya kaza ta yi wa abokiyar karawarta ruwan wuta. Na taɓa ƙirga kalmar sau goma sha ɗaya a shafinmu na farko rana guda, alhali ko ashana ba a ƙyasta ba. Da bakinka ya saba da abu haka, ka daina jin nauyinsa. Ni ma na daina.

Ranar Litinin da sha ɗaya da minti ashirin ina kan tebur ina cin biskit, sai ga kiran Mai Katifa. Na so in share, sai na ga ya sake kira.

"Masoyiya, shago ya kama!"

Biskit ɗin ya faɗi a cinyata. "Yaya fa?"

"Lafiyarsa ƙalau, kowa ya fita. Teloli na sama ma sun sauko." Ya yi tari. "Ku za ku fara bugawa, ko? Wutar lantarki ce, kowa a nan haka yake faɗa."

Ban tambaye shi waye kowa ba. Na buɗe fayil, na cike gurabe, na zaɓi laƙume don ranar Lahadi an yi lashe. Minti takwas labari ya hau. Edita ya sauko da gilashinsa daga goshi ya ce, "Haka nake son aiki." Kafin azahar jaridu shida sun kwafe mu har da waƙafin da na sa ba daidai ba. Na koma gida ina jin kaina, wai na riga kowa.

Ranar Laraba da hantsi mai gadi ya leƙo ya ce wani dattijo yana neman wanda ya rubuta labarin gobara. Na fita baranda na same shi tsaye, ya ƙi zama. Riga mai gajeren hannu ce a jikinsa, wankakkiya tas amma wuyan ya sha jiki. A aljihun gaba akwai ƙaramin sukundireba mai fitila da ake gwada wuta da shi, a kafaɗa jakar fata da aka ɗinke hannunta da waya. Ya ciro takarda a ninke huɗu ya buɗe. Labarina ne, an buga masa shi, an ja layi da jan biro a ƙarƙashin sakin layi na uku.

"Ke ce, 'yata?"

"Ni ce, Baba."

"Ni ne na ja wayar benen nan watan jiya, daga mita har soket na ƙarshe." Ya ɗora yatsa a kan layin. "Nan kin ce ana zargi. So nake ki faɗa min wa ke zargin, in je in same shi mu yi magana."

Na buɗe baki na ce ai haka ake rubutawa. Wallahi haka na ce masa.

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce shekara arba'in da ɗaya yana wannan aiki, ko fanka ba ta taɓa ƙonewa a hannunsa ba. Tun Litinin gidaje uku sun aiko masa kar ya zo. Telolin da kekunansu suka ƙone a sama sun kai ƙararsa, jiya ya wuni a caji ofis a kan benci, an ce ya dawo Juma'a da safe da shirin zama. Jami'in da ya yi masa tambayoyi labarina ya juyo masa a waya.

"Abu ɗaya ne ya hana ni barci," ya ce. "Layin nan babu wuta tun ranar Asabar. An cire taransifoma an tafi da ita gyara, har yau ba a dawo da ita ba. To wace wutar ce ta bi wayata, 'yata?"

Ya ninke takardarsa, ya ce ba faɗa ya zo yi ba, ya sauka matakala a hankali yana dafa bango.

Na faɗa ofishin Edita ko sallama ban yi ba. Ya saurare ni yana danna waya.

"Mun ambaci sunansa?"

"A'a."

"Mun ce ita ce? Cewa muka yi ana zargi. To ina matsalar?"

"Matsalar ita ce babu mai zargin sai fayil ɗinka."

Ya ɗago. "Fayil ɗina ne ya danna wallafa? Ki kawo min hujja daga kamfanin wuta da 'yan kwana-kwana, in ba ki fili ki yi gyara. Amma ki sani, gyara ba ya kawo masu karatu."

Na tsane shi a lokacin, na kuma fi tsanarsa saboda gaskiya ya faɗa. Ni na danna.

Kamfanin wuta sun tabbatar min cikin minti biyar, tun Asabar da yamma layin a kashe yake. Na kira ofishin kashe gobara na tambayi jami'in da ya je wurin ko su ne suka ce lantarki. Ya yi dariya ya ce, "Mu ba mu gama rahoto ba tukuna. A jaridarku muka gani."

A nan ne na tuna da saƙon murya. Mai Katifa yana da wata al'ada, duk safiya sai ya turo min saƙon murya na minti uku ko huɗu, ya kira ni tauraruwa, ya faɗa min abin da ya karya da shi, ya ba ni labarin mafarkinsa. Na daɗe da daina saurare, alamar zuciya kawai nake mayar masa don Goggo ta bar ni in sha ruwa. Na ranar Litinin yana nan ban buɗe ba, ƙarfe goma da minti hamsin da biyu. Na zauna a matakalar baya na manna wayar a kunne.

Da ƙyar ake jin muryarsa saboda rurin janareta, kuma rurin ba daga waje yake zuwa ba, yana dukan bango yana dawowa. Yana cikin cewa idona ya fi wata haske sai ya katse, ya juya ya yi wa wani tsawa.

"Kar ka kashe! Ina da baƙi a ofis, so kake zafi ya kore su? Zuba masa man haka nan yana aiki!"

Sannan ya dawo ya ce, "Ina muka tsaya, tauraruwa?"

Sau huɗu na saurara. Janareta a cikin sito, tsakiyar katifun soso, ana ɗura masa fetur yana ruri. Ya kuma kira ni bayan rabin awa ya sa min magana a baki, ni kuma na haɗiye ko taunawa ban yi ba.

Ranar Alhamis da la'asar ya zo gida. Tun daga ƙofa ƙamshin turarensa ya tare ni. Goggo ta cire ledar da ke kan kujerun falo, abin da ba ta yi sai babban baƙo, ta fito da kofunan gilashi masu bakin zinare. Ta sa doguwar rigarta ruwan toka mai aiki a wuya, ta yafa farin mayafi. Shi kuma ya hakimce a kujerar Babana cikin farin yadi mai sheƙi, agogo a hannu, takalmi na ɗaukar ido, ko ɗigon toka babu a jikin mutumin da shagonsa ya ƙone. Ni ko jaka ban ajiye ba, da baƙar rigar ofis da takalmin da ya sha ƙura.

"Ga 'yar jarida," Goggo ta ce. "Zo ki yi masa jaje da kyau, ba ta waya ba."

Na ajiye wayata a kan tebur tsakanin kofuna na kunna. Rurin janareta ya cika falon. Da aka zo wurin tsawar sai na ƙara murya.

Goggo ta dube ni, ta dube shi. Shi kuwa ya kurɓi lemonsa ya ajiye kofin a hankali.

"Ashe kina sauraren saƙonnina," ya ce. "Na ji daɗi."

"Ka sa an kama tsoho a banza."

"Ni? Ni na rubuta?"

"Gobe zan rubuta gyara. Babu wuta a layin, janareta ne a cikin sito."

"Ke!" Goggo ta dafe ƙirji. "Mutumin da zai aure ki?"

"Goggo, ko shi ne autan maza."

Ya yi murmushi, irin wanda yake yi wa mai ciniki idan ya san ba shi da wani shagon zuwa. "Ki rubuta, masoyiya, aikinki ne. Amma ke da kika iya bincike, ba ki tambayi wanda nake wa magana ba. Ni baki na sa. Hannun da ya riƙe jarkar fa?"

Goggo ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi, a nan na gane ta riga ni sani. Tun Litinin Yaya bai fito cin abinci ba, ta ce min hayaƙi ne ya bugar da shi, in bar shi ya huta. Ni kuma ina can ina murnar jaridu shida sun kwafe ni.

Mai Katifa ya miƙe ya gyara hularsa. "Tsohon nan kwana biyu zai yi su sake shi, ba su da hujja. Maganar ta mutu, kowa ya huta. Goggo, a yi mata faɗa a hankali, yarinta ce." Ya fita ya bar mana ƙamshinsa.

Ƙofa na rufuwa Goggo ta taso min.

"Tsohon can uwarki ce ta haife shi? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar! Wa ya bar makaranta ya shiga dako don ke ki yi karatun? Da karatun za ki ɗaure shi?"

"Goggo, shekara arba'in da ɗaya mutumin nan..."

"Ko ɗari ne! Ba a gabana ya girma ba. Layi ɗaya ne, kowa yana rubuta shi kullum, sama ba ta faɗo ba. Sai yau da ya zo kan naki za ki zama waliyyiya?"

Na wuce ta na tura ɗakin Yaya. Yana zaune a bakin gado da singileti, labule a sauke, ɗakin na warin man ƙuna. Hannunsa na dama a naɗe yake da bandeji tun daga yatsu har gwiwar hannu, gashin girarsa na gefe ɗaya babu. Ya ga inda nake kallo ya mayar da hannun bayansa kamar yaron da ya saci sukari.

"Ya ce in zuba, na zuba," ya ce. "Na san bai kamata ba. Amma in na musa masa, ke zai huce a kanki, ko a kan Goggo."

"Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Ke ma ai ba ki tambaya ba."

Na zauna a ƙasa na jingina da ƙofa. Na jira ya roƙe ni, ko ya zage ni, in samu abin riƙewa. Bai yi ko ɗaya ba. Ya tambaye ni ko tsohon yana da iyali, na ce ban sani ba. Ya ce shi ya sani, jikoki biyu ne a hannunsa, yakan zo da abincinsu a leda lokacin da yake aikin benen. Sai ya juya fuska bango ya ce shi bai ce in yi ba, bai ce kar in yi ba. Na ji haushinsa kamar in shaƙe shi, don ya bar min kayan ni kaɗai.

Masu shirin rubuto min cewa ɗan uwa rabin jiki ne, ku riƙe abinku, na riga ku sani. Ba ku ga yadda dattijon nan ya sauka matakala ba.

Juma'a da bakwai na safe ina ofis. Ban buɗe fayil ba, a farar takarda na rubuta. Na ce jaridarmu ta buga cewa ana zargin wutar lantarki ba tare da wani ya faɗa mata haka ba. Na ce kamfanin wuta ya tabbatar layin a kashe yake tun Asabar, hukumar kashe gobara kuma ba ta ɗora wa waya laifi ba. Na ce teloli biyu da na kira da daddare sun shaida min janareta yana aiki a cikin sito a safiyar. Ban sa sunan kowa ba. Saƙon muryar kuma na tura wa jami'in 'yan sandan da ke bincike, a raina ina cewa wanda ya ba da umarni shi za a fara nema. Edita ya karanta sau biyu, ya cire kalmar haƙuri da na sa a ƙarshe, ya wallafa.

Ƙarfe goma da rabi wata baƙuwar lamba ta kira ni. Dattijon ne. Ya ce an ce ya tafi gida, ya ce Allah Ya yi min albarka. Na ce amin da muryar da ba tawa ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne mai kuɗi ba ya jira a neme shi. Kafin sha biyu Mai Katifa ya kai kansa wurin jami'in, lauyansa a gefe, ya ce ya sha gargaɗin mai kula da sitonsa a kan janareta, yaron ne ba ya ji. Na kira jami'in na ce saƙon fa? Ya ce za su duba, amma murya sai an tantance ta, hannun da ya ƙone kuwa ba ya buƙatar tantancewa.

Na tari mota na taho gida, na tarar da ta 'yan sanda a ƙofa. Maƙwabta sun yi cirko-cirko a bakin shaguna. Yaya ya fito tsakanin mutum biyu, ya sa rigarsa shuɗiya ta zuwa aiki, maɓallan a karkace saboda da hannu ɗaya ya ɓalla su. Na matsa in gyara masa, Goggo ta buge min hannu a gaban kowa.

"Kar ki taɓa shi," ta ce. "Kin gama naki."

Yaya bai dube ni ba. Ya ce wa Goggo maganinsa yana kan taga, a kai masa. Motar ta tashi, Goggo ta shige ta turo ƙofa, na ji ƙarar sakata.

Ina tsaye a titi da jaka a kafaɗa wayata ta yi ƙara sau biyu. Na farko Mai Katifa ne: "Na gaya miki. Duk da haka ina sonki, in kin sauko ki kira ni mu fito da shi." Na biyu Edita ne, wanda bai taɓa tambayata ko ina da ɗan uwa ba.

"An kama wanda ya zuba fetur ɗin. An ce ɗan unguwarku ne. Samo min hotonsa yanzu kafin wasu su riga mu."

Na buɗe ma'ajiyar hotuna ina ja da yatsa, ban ma san me nake nema ba. Hoton Yaya guda ɗaya ne a wayata. A ƙofar ofishinmu muka ɗauka, ranar da ya raka ni karɓar takardar aikin nan, ya ɗaga ta sama da hannun dama yana dariya har kunne.